Rubuta farashi a gilashin mota: shin zai yiwu a filin sayar da motoci na gado a Katsina?

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motoci, da kuma waɗanda suka taɓa saye, a kan wata magana da ta raba kawunanmu a gida. Muna da filin sayar da motoci a cikin garin Katsina, wanda mahaifinmu ya kafa tun zamanin da ake tuƙo motoci daga Kwatano a bi ta Maraɗi a shigo da su ta Jibiya. Yanzu da shekaru suka ja masa ya sakar mana ragamar, ni da ƙannena da kuma Baffanmu, wato ƙaninsa, wanda tare suka faro harkar. Yawancin abin da muke ajiyewa Corolla ne da Camry da Vibe da Civic, wasu Beljiyam ne, wasu kuma an hau su a nan gida.

Shawarar da na kawo ita ce mu riƙa liƙa takarda a gilashin kowace mota, mu rubuta farashinta da shekarar ƙirarta da lambar shasi da matsayin takardunta na kwastam da duk aibin da muka sani a jikinta, kuma wannan farashin ya zama shi ne na kowa. Abin da ya sa na fara wannan tunani shi ne yadda nake ganin ciniki yana bambanta gwargwadon wanda ya shigo filin. Ɗan kasuwa da ya saba zai zo ya zauna a kan benci, ya taya a ce masa albarka, ya tashi kamar zai tafi a kira shi ya dawo, har a sauko masa kusa da uwar kuɗi. Malamin makaranta kuwa da ya haɗa kuɗin adashi da bashin ƙungiyar ma'aikata zai zo da kunyarsa, a yanka masa kuɗi, ya nemi ragi sau ɗaya, a cire masa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ya yi godiya ya biya. Motocin iri ɗaya ne, amma wanda ya fi ƙaramin ƙarfi shi ne ya fi biya da yawa.

Baffa bai amince ba, kuma hujjojinsa ba na yarwa ba ne. Ya ce mutumin ƙasar nan ba ya jin ya yi saye sai an rage masa, saboda haka duk abin da muka rubuta daga nan zai fara tayi zuwa ƙasa. Ya ce dillalai za su ƙaurace mana, alhali su ne suke kawo mana mafi yawan masu saye. Ya ƙara da cewa maƙwabtanmu za su riƙa leƙo takardarmu su rage kaɗan su janye mana mutane, sannan ga dala da ba ta zama wuri ɗaya. Ba na son in yi gaban kaina a dukiyar da ba tawa ni kaɗai ba ce, kuma ba na son in saɓa wa Baffa ba tare da hujja ba. Shin akwai wanda ya ga irin wannan tsari ya yi aiki a kasuwar motoci ta wajenmu?

Tsohon mai harkar mota, Daura

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi wa mahaifinka albarka, ya ƙara masa lafiya. Zan fara da maganar dala domin a nan Baffanka ya fi gaskiya. Harkar da mahaifinka ya sani ta canza tun ranar 1 ga Janairun 2017, lokacin da gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, aka mayar da komai tashoshin jiragen ruwa, musamman na Legas. Daga baya aka rufe iyakokin gaba ɗaya a watan Agustan 2019, kuma ta Jibiya ba a sake buɗe ta ba sai a 2022. A wannan shekarar ce kuma kwastam suka fito da tsarin ƙiyasta duti ta lambar shasi, wanda ya rage damar daidaitawa da ake yi a da. Sai aka saki naira a watan Yunin 2023, canjin da kwastam suke lissafi da shi ya tashi daga ƙasa da naira 500 a kan dala har ya haura 1,500 a farkon 2024. A wancan lokacin mutum yakan sayar da mota yana murnar riba, ya je sayo irinta ya tarar da kuɗin gaba ɗaya, uwa da riba, ba za su ajiye masa ita a fili ba. Mutane da yawa a haka jarinsu ya narke ba tare da sun taɓa sayar da mota ƙasa da yadda suka sayo ta ba.

Amma wannan bai hana rubuta farashi ba. Abin da ya wajaba shi ne ka sa kwanan wata a takardar, ka rubuta cewa wannan kuɗin yana nan har zuwa rana kaza, kuma duk wanda ya ba da kafin alƙalami a cikin wa'adin ka tsaya masa a kan abin da ya gani ko da dala ta tashi washegari.

Inda gizo yake saƙar shi ne wajen dillalai, kuma ina roƙon 'yan'uwana dillalai su yi mini afuwa. La'ada hakki ce, ba mai jayayya da ita. Abin da ya ɓata kasuwa shi ne ɗori. Misali, ku kun sallama mota a kan miliyan 9, sai dillali ya riga mai saye zuwa ya ce muku idan mutuminsa ya zo ku ce miliyan 9 da dubu 500 ne, abin da ke sama nasa ne. Bayan an gama kuma ya karɓi la'ada a hannunku, ya juya ya karɓa a hannun mai saye, wanda yake ta yi masa godiya a kan ya tsaya masa. Wani lokacin ma ba mutum ɗaya ba ne, 'yan kayi-na-yi ne jere, wannan ya kira wancan a waya, wancan ya kira na gaba, kowa da abin da ya ɗora, kuma a cikinsu akwai wanda ko launin motar bai gani ba. Takardar da kake son liƙawa ɗorin nan za ta kashe, shi ya sa za su yi fushi. Shawarata ita ce kada ka yaƙe su. Ku yanke la'ada sananniya mai ɗan kauri, ku riƙa biya daga aljihunku a ranar da aka yi ciniki ba tare da jeka-ka-dawo ba, kuma dillali ya faɗi sunan wanda zai kawo tun kafin ya iso domin kada a yi rigimar wane ne ya kawo shi. Dillalin kirki ya fi son tabbatacciyar la'ada a kan ɗorin da ka iya janyo masa sammaci daga kotu.

Akwai abubuwa biyu da ba ka ambata ba. Na farko, na san ba duk motar da ke filinku ce taku ba, akwai na ajiya waɗanda masu su suka kawo a sayar musu. Irin waɗannan sai kun zauna da mai mota ya amince a rubuce da kuɗin da za a liƙa da abin da za ku ɗauka, in ba haka ba zai riƙa canza magana ta waya alhali mai saye yana tsaye. Na biyu shi ne dangi. A kasuwancin gida ba baƙo ne yake karya farashi ba, suruki ne da abokin Alhaji da ɗan ƙanwar Hajiya. Idan ɗaya daga cikinku yana son yi wa nasa alheri ya yi, amma a rubuta a littafi cewa ragin daga kasonsa ya fita.

Malama daga Ƙofar Marusa

Ni mai saye ce, ban san sirrin kasuwa ba, amma ina so Malam mai tambaya ya san cewa kuɗin da ke gilashi ba zai wadatar ba matuƙar ba shi ne kuɗin da mutum zai bar wurin da mota a kansa ba. Lokacin da na sayi tawa a wani fili da ba zan kama sunansa ba, an yi ciniki an sallama, na tura kuɗi ta banki ina zaton an gama. Sai aka fara fito da wasu kuɗaɗe ɗaya bayan ɗaya, ga la'ada, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na yaran fili da suka wanke ta, sannan ga lamba da inshora da takardar mallaka waɗanda aka ce su za su yi mini domin sauƙi. Babu wanda ya ambaci ko ɗaya daga ciki kafin kuɗina su shiga asusunsu, kuma a lokacin ba ni da bakin cewa na fasa. Daga ƙarshe sai da na ranto abin da na cike.

Wannan ma mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. A hanyar Kano jami'an kwastam suka tsayar da mu, suka duba takardun, suka ce shekarar da aka biya duti a kanta ba ita ce shekarar motar ba, an mayar da ita tsohuwa a takarda domin kuɗin ya sauko. Da muka koma filin aka ce mini ai su ma haka suka saye ta. Wataƙila gaskiya suka faɗa, amma ni na biya kuɗin mota mai cikakken duti. Saboda haka ina ganin layin da ya fi kowanne muhimmanci a takardarku shi ne na kwastam, kuma ku ba mai saye kwafin takardun ya je ofishin kwastam ya tantance da kansa kafin ya biya, tare da alkawari a rubuce cewa idan aka sami matsala a dutin ku ne za ku ɗauki nauyi.

Ku kuma tuna da mu mata. Yawancinmu ba ma zuwa fili mu zauna ciniki, aikawa muke yi, kuma ba kowane ɗan aike ne yake dawowa da adadin da aka faɗa masa ba. Idan hoton motar da aka turo mini ta WhatsApp yana ɗauke da takardar farashi a gilashi, to ɗan aiken ba shi da inda zai ɗora nasa. Ga wanda yake ganin wannan baƙon abu ne, dokar kare hakkin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta tanadi cewa mai sayarwa ya bayyana farashin kayan da ya baje, kuma kada ya karɓi fiye da abin da ya bayyana.

Ɗalibin ilimi, Unguwar Alƙali

Allah ya saka wa Baba na Daura da Malama da alheri. Ina so in raba abubuwa biyu da ake cakuɗawa, domin kada Malam ya je wa Baffansa da hujjar da za a ture cikin sauƙi. Ciniki na tayi da albarka halal ne, kuma shari'a ba ta yanke wa riba wani adadi ba. Mutum yana da damar sayar wa wannan da tsada ya sayar wa wancan da rahusa, kuma ba dole ba ne ya faɗi nawa ya sayo. Don haka ba daidai ba ne a ce tsarin da iyayenmu suka bi haramun ne a kan kansa, kuma rubuta farashi ɗaya kyautatawa ce da toshe ƙofar ɓarna.

Haramcin yana shigowa ne ta wasu ƙofofi da kowa ya san su a filin mota. Ta farko ita ce faɗin uwar kuɗi na ƙarya. Da zarar mai mota ya ce wallahi miliyan kaza ta iso mini, dubu 200 kawai na ɗora, to ya fita daga cinikin tayi ya shiga murabaha, wadda ciniki ne na amana, kuma a nan kowace naira da ya ambata dole ta zama gaskiya, da ta saye da ta jirgi da ta duti da ta gyara. Wanda ba ya son bayyanawa ya yi shiru, shirun ya halatta gare shi, amma ƙirƙirar adadi bai halatta ba. Rantsuwar da ake haɗawa da ita kuwa, hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna tana sa kaya su shige amma tana shafe albarka. Ta biyu ita ce a sa wani ya zo ya taya motar da kuɗi mai yawa a gaban mai saye alhali ba saye zai yi ba, ko a ce yanzu wani Alhaji ya taya kaza aka hana shi alhali ba a yi ba. Wannan shi ne najashi, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi.

Ta uku ita ce ta shafi malamin makarantar da aka ba da misali da shi. Malamanmu na Malikiyya sun bambanta tsakanin wanda ya zo ya yi ciniki da wayonsa da wanda ya miƙa wuya ya ce ni ban san kan mota ba, ka sayar mini yadda kake sayar wa mutane. Na biyun ya ba ka amana, kuma yanka masa kuɗin da ya wuce na kasuwa cin amana ne. Mutane da yawa da suke zuwa filin gida irin naku da wannan niyya suke zuwa, domin sunan mahaifinku suka biyo.

Game da aibi kuwa maganar a fili take. A hadisin Hakim bn Hizam an ce masu ciniki biyu idan suka yi gaskiya suka bayyana za a sa musu albarka a cinikinsu, idan kuwa suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Rubuta a yarjejeniya cewa an sayar da mota yadda take ba ya wanke mai sayarwa daga aibin da ya sani ya ɓoye, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa idan ya gano shi. Idan har za a yi sassauci da Baffa, to a yi shi a kan ko za a bar ƙofar ragi, amma layin aibi ba wurin sassauci ba ne.

Bakanike, hanyar Dutsin-ma

Ni ban goyi bayan farashin da ba a taɓawa ba, domin motar hannu ba a samun biyu da suka zama ɗaya, kuma sau da yawa sai an ɗaga ta ake ganin abin da mai fili ma bai sani ba. Idan na duba na tarar an cire indomi, wato abin da ke tace hayaƙi, daga salansa, ko balan-balan ɗin sitiyari ya taɓa fashewa an rufe wurin, ko na ɗaga kafet na ga tsatsa da busasshen laka a ƙarƙashin kujera alamar ruwa ya taɓa cinye ta a Amurka, dole kuɗin ya sauko. Saboda haka ku rubuta cewa ba a ragi sai da dalili, kuma dalilin shi ne aibin da aka nuna da hannu.

Lambar shasi haruffa da lambobi 17 ce, kuma a motocin da aka ƙera domin kasuwar Amurka na goma shi ne yake nuna shekara, daga 1 zuwa 9 su ne 2001 zuwa 2009, A kuma 2010 ce, B 2011, haka har gaba. Wannan kaɗai ya isa ya tona motar da aka canza wa fitilu da bamba aka nuna ta kamar ƙirar shekarar da ta fi tata sabunta. Da lambar kuma ake bincika tarihinta a intanet, a ga hotunanta na wurin gwanjo kamar Copart, a kwatanta tafiyar da ta yi a can da abin da mita take nunawa a nan. Ku bar mai saye ya zo da bakanikensa, a sa mata kwamfuta, a hau titi da ita har inji ya yi zafi a ji yadda giya take shiga, domin ba a cinikin biri a sama. Sannan ku hana yaranku kai wa bakaniken da aka zo da shi wani abu a bayan fage, wannan ɗabi'a tana nan a cikinmu kuma ita ce take sa dubawar ta zama ta banza.

Ɗan Ƙofar Ƙaura

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan kai wa Baffa maganar a matsayin gwaji a kan motocin da suke namu na kanmu, ban da na ajiya, da kwanan wata a takardar, da jimillar duk abin da mai saye zai biya, da kuma sharaɗin ragi da Malam bakanike ya kawo, wanda nake ganin shi ne zai fi kwanta masa. Sauran abin da ya rage mini shi ne masu kawo tsohuwar motarsu a karɓa su yi ciko, domin a nan farashin da ke gilashi ba ya hana a danne mutum ta wajen kimanta tasa. Baba na Daura, yaya kuke yi da irin wannan?

Tsohon mai harkar mota, Daura

Ku mayar da shi ciniki biyu a takarda biyu. A fara yi wa tasa kuɗi ita kaɗai kamar sayar muku zai yi ya tafi, ku ba shi kwana biyu ko uku ya zagaya da ita wasu filaye ya ji abin da za a taya, idan ya sami wanda ya fi ku ya sayar can ya kawo muku tsabar kuɗi. Idan ya dawo, sai a cire kuɗin tasa daga wanda ke gilashin taku, cikon ya fito da kansa. Kuma kada ku karɓi tasa sai kun ga takardunta na asali kun tabbatar sunan da ke jiki nasa ne, ko kuma akwai yarjejeniyar da ta nuna yadda ta zo hannunsa.